Kofi a kife, ruwa bai zube ba: wa ke riƙe da shi, kuma mi ya haɗa shi da injin ban ruwa?

Wanga gwaji baya buƙatar ɗakin gwaji ko sisin kwabo. Nemi kofin gilashi mai lafiyayyen baki wanda bai ɓantare ba, ka cika shi da ruwa taf har yana neman zuba, sai ka samu guntun kwali mai ɗan ƙwari, katin gayyatar biki yafi kyau don yana da santsi kuma baya saurin jiƙewa, ka ɗora a bakin kofin ka dafe da tafin hannu, ka kife kofin gaba ɗaya, sannan a hankali ka janye hannun da ke ƙasa. Katin na nan maƙale, ruwan na nan a ciki. A yi shi bisa baho ko a tsakar gida dai, don in katin ya karkace zaka sha wanka, kuma in yara na wurin to ka sani kowa sai ya ce shi ma zai yi.

Amsar da ake bayarwa a aji gajera ce: iska ce ke tura katin sama. Gaskiya ne, amma rabin magana ce, kuma rabin da ake bari shi yafi daɗi, shi ne kuma ke da amfani ga mai noman rani a fadamar Argungu ko Suru.

Bari mu fara da ita iskar. Mu dai mun saba ɗaukarta kamar ba komai ba ce, alhali tana da nauyi, mita ɗaya tsawo da faɗi da tsayi na iska ya kai wajen kilo 1.2. Ɗaki mai mita 4 da mita 4, tsayinsa mita 3, iskar da ke cikinsa tafi buhun siminti nauyi. To ka tuna ba a rufin ɗaki ta tsaya ba, ta yi sama kilomita da kilomita, ta sama na danne ta ƙasa, mu kuma muna can ƙarƙashin duka. A daidai bakin teku wannan dannawar ta kai kusan kilo ɗaya a kan kowane santimita ɗaya tsawo da faɗi, wato ɗan wurin da bai wuce farcen yatsanka ba. Tafin hannun babba kaɗai na ɗauke da abin da ya kai kilo 100 ko fiye. Abin da yasa bamu jin komai shi ne matsin ba daga sama kaɗai yake zuwa ba, ta ko'ina yake, sama da ƙasa da gefe, kuma jikinmu ta ciki yana turowa waje da kwatankwacinsa. Wannan "ta ko'ina" ɗin a riƙe shi da kyau, don shi yasa iska ke iya tura kati SAMA duk da cewa nauyi ƙasa yake yi.

Yanzu lissafi kaɗan, kar a gudu. Bakin kofi mai faɗin santimita 7 yana da fili kusan santimita 38, kenan iskar waje na iya tura katin da ƙarfin da ya kusa kilo 40. Ruwan cikin kofin kuwa kwata ne na kilo. Kilo 40 da kwatan kilo, ai ba haɗi.

Sai dai in akwai yaro mai kai a wurin, ga abin da zai tambaya, kuma ya kamata malami ya shirya masa: to in an zuba rabin kofi fa? Don a rabin kofi ma abin na yi, gwada ka gani. Kuma a nan akwai iska a cikin kofin, wadda aka rufe ta da matsi daidai da na waje. Ita tana turo ruwan ƙasa da ƙarfi ɗaya da wadda ke tura katin sama, sun kashe juna kenan, saura nauyin ruwan, to ai kamata ya yi katin ya faɗi. Mi ya hana? Anan ne bayanin "iska ce ke tura shi" ke tsayawa cak, kuma da yawa sai a ce wa yaron ya zauna.

Abin da ke faruwa shi ne katin yana sauka, amma ɗan kaɗan ƙwarai wanda ido baya kamawa, ko ya ɗan lanƙwasa a tsakiya, ko 'yan ɗigo biyu uku su tsere ta gefe lokacin da kake kifewa (in ka lura hannunka kan jiƙe). Da ruwan ya ɗan sauka, iskar da ke kulle a sama ta samu ƙarin wuri, iska kuwa in ta samu ƙarin wuri matsinta raguwa yake yi. Wani Bature mai suna Robert Boyle ya buga wannan ƙa'ida a 1662, cewa in zafi bai canza ba, ka ninka wurin da iska take sau biyu matsinta zai koma rabi. To mu nawa muke buƙata ya ragu? Daidai nauyin ruwan kawai. Matsin iskar duniya daidai yake da tsayin ruwa na mita 10.3, wato santimita 1,030. Ruwan rabin kofi tsayinsa santimita 5 ne, kusan kashi ɗaya cikin 200 kenan. Iskar ciki ita ma tsayinta santimita 5, in ta buɗe da kashi ɗaya cikin 200, abin da katin zai sauka bai wuce kwatan milimita ba. Kwatan milimita fa! Daga nan iskar ciki haɗe da nauyin ruwa sun yi kunnen doki da iskar waje, komai ya tsaya.

Kaga kenan kilo 40 ɗin nan ba wai duk yana aiki a banza ba ne yana neman cusa katin cikin kofi, a'a, katin na tsakanin turi biyu ne da suka yi daidai, kuma tsarin da kansa yake daidaita kansa, in ruwan ya ƙara nauyi katin ya ƙara sauka kaɗan matsin ciki ya ƙara raguwa. A cikakken kofi abin ya ma fi sauƙi don ruwa baya buɗewa kamar iska, da katin ya nemi motsawa ko da ƙanƙanin abu matsin ciki ya faɗi nan take. Shi yasa cikakken kofi yafi riƙewa. Kuma shi yasa in ka ɗauko dogon abu mai tsayin santimita 30 ka zuba rabi, abin zai fara baka wahala, don yanzu sai katin ya sauka sama da milimita 2 kafin a daidaita, kafin nan iska ta samu hanya ta gefe.

Wani zai ce to nauyin ruwan ina ya tafi, iska ta ɗauke maka? Ko kaɗan, hannunka mai riƙe da kofin shi ke ɗauke da shi. Iskar waje na danna gindin kofin ƙasa fiye da yadda ta ciki ke tura shi sama, bambancin kuma daidai nauyin ruwan ne, sai ya dawo hannunka ta bayan gida.

Akwai masu cewa ai kawai ruwa ne ya manne katin, kamar yadda jiƙaƙƙen ganye ke mannewa a faranti. Suna da ɗan abin faɗa, don ruwa na da wata 'yar fata-fata a samansa, ita ce ke sa ɗigo ya dunƙule, ƙwaro kuma ya yi tafiya bisa ruwan tafki bai nutse ba, kuma ita ke toshe 'yar tazarar da ke tsakanin bakin kofi da kati ta hana iska shiga. Aikinta gadi ne, ba ɗaukar kaya ba. In kana son raba gardama, samu kofin roba ka huda gindinsa da ƙusa mai zafi, ka toshe hudar da yatsa, ka cika ka kife kamar ɗazu. Zai riƙe. Ɗaga yatsan. Kafin ka ƙifta ido kati da ruwa suna ƙasa, alhali mannewar bata je ko'ina ba, abin da ya canza kawai iskar waje ta samu shiga ta sama. Ni a wurina wanga shi ne ainihin gwajin, na farkon nan burgewa ce kawai, kuma malamin da ya nuna na farko bai nuna na biyu ba ya bar yara da dabo ne ba da ilimi ba.

Saura tambaya ɗaya da ba a cika yi ba: in iska na da ƙarfin ɗaukar ruwa mita 10, katin na mene ne, mi yasa in ba kati ruwan ke zubewa? Matsin na nan ai ko babu kati. Matsalar ita ce fuskar ruwa a kife bata iya zama a baje, da wani gefe ya ɗan zazzago ƙasa, wani gefen ya ɗan shige sama, shikenan iska ta bi ta inda ya shige ruwa ya bi ta inda ya zazzago, suna musayar wuri, shi ne ɓul-ɓul ɗin da kake ji in ka kife jarka. Kati yana hana wannan musayar ne. Kuma ba sai kati ba, ɗaure bakin kofin da yankin gidan sauro da kyauro, ka cika, ka dafe ka kife ka daidaita shi sosai ka janye hannu, ruwan zai tsaya duk da ga ƙofofi nan birjik, don a ƙaramar ƙofa 'yar fatar nan ta ruwa na iya riƙe fuskarsa. Ka karkata shi kaɗan kuma duk ya tsiyaye. Dalilin kenan da yasa in aka huda gwangwanin madara wuri ɗaya sai ta riƙa fita da kyar, sai an yi huda ta biyu inda iska zata shiga. Haka robar ruwan kaji da ake kifewa bisa faranti, ruwa na sauka har ya rufe bakin, ya tsaya, kaji su sha ya ragu iska ta shiga wani ya sauko.

Mita 10.3 ɗin nan da nake ta ambata, ba masu ilimi suka fara cin karo da ita ba, masu aikin famfo ne. A Italiya tun kafin 1640 an san cewa famfon da ke zuƙo ruwa daga sama baya wuce wajen mita 10 komai kyawunsa. Bayanin da aka gada tun daga Aristotle, wani masanin Girka na zamanin da, shi ne wai halitta bata yarda a bar wuri fanko ba komai a ciki, shi yasa ruwa ke bin famfo ya cike gurbin. To in haka ne mi yasa take haƙura a mita 10? Galileo da kansa, shahararren masanin kimiyyar Italiya, ya taɓo maganar a littafinsa na 1638, ya ce ruwan tsinkewa yake saboda nauyin kansa, amma bai dace da amsar ba. Wanda ya warware ta almajirinsa ne, Torricelli. A wajen 1643 ya ce maimakon ruwa a yi da zaiba, wadda ta ninka ruwa nauyi sau 13.6, eh zaibar nan dai da masu wankin zinare ke amfani da ita a yankin Anka da Bukkuyum, kuma guba ce, kar wani ya ce zai gwada wannan a gida. Aka cika bututun gilashi mai kusan mita ɗaya da ita, ɗaya bakin a rufe, aka kife shi cikin kwano mai zaiba. Ta sauko ta tsaya a wajen santimita 76, saman bututun ya zama fanko. Ka ninka 76 sau 13.6 ka ga abin da zaka samu, santimita 1,030 da 'yan kai. Ashe awo ɗaya ne, iskar da ke danna kwanon ce ke tura abin sama, kuma iyakar ƙarfinta kenan. A wasiƙar da ya rubuta a 1644 ya ce muna rayuwa ne a nutse a ƙasan wani teku na iska.

Masu gardama basu ƙare ba sai da Blaise Pascal a Faransa ya kawo dabara: in dai nauyin iska ne, to a kan dutse inda iskar da ke samanka ta ragu dole zaibar ta sauka. A Satumban 1648 mijin yayarsa, Florin Périer, ya hau dutsen Puy de Dôme da bututun, ya bar wani irinsa a ƙasa ana gadinsa don a tabbatar ba yanayin ranar ne ya canza ba. Na ƙasa bai motsa ba, na sama ya sauka da wajen santimita 8. Ko a nan gida haka lissafin yake, duk mita 100 da ka hau sama matsin na raguwa da abin da ya kai santimita 12 na ruwa, don haka Gusau da ke wajen mita 450 sama da teku ta riga ta yi asarar kusan rabin mita, Jos kuwa da ta haura mita 1,200 ba a magana.

Abin da duk wannan ke nunawa, wanda kai baya saurin yarda da shi, shi ne a famfo ko tsinken shan lemo babu wani abu da ke JAN ruwa sama. In kana zuƙar lemo da tsinke, bakinka rage matsin cikin tsinken yake yi, iskar waje da ke danna saman lemon ita ke turo maka shi. Wanzami in ya kafa ƙaho ya zuƙe iskar ciki ya toshe, matsin waje ne ke riƙe ƙahon a jiki, naman wurin kuma ya kumburo ciki don nan ne turi ya yi ƙaranci. Kai dai iyakarka ka kwashe iskar da ke gaba, aikin turawa na iskar duniya ne, ita kuma tana da iyaka, ba zaka kwashe fiye da duka ba.

To mu gangara fadama. Duk wanda ya yi noman shinkafa ko albasa na rani a Kebbi ya san yadda ake ciki daga Maris zuwa Mayu, injin da ke ambaliya da ruwa a Disamba sai ya fara tari, ya kawo ya ɗauke, ƙarshe ka ji ana cewa "injin nan ya gaji, baya ja". Wani ya kai wa makaniki, wani ya ci bashi ya sayo wanda ya fi shi girma, kuma a dawo abin na nan. Sau da yawa lafiyar injin ƙalau, ruwan ƙasa ne ya yi nisa. Injin ban ruwa da ke zaune a bakin tubwel, wato 'yar rijiyar bututu ta gona, irin aikin bakinka da tsinke yake yi, yana rage matsin cikin tiyo ne iska ta turo ruwa, kuma mita 10.3 ɗin ma a takarda take. A zahiri sai ka cire tsayin garinku daga teku, ka cire gogayyar ruwa da jikin tiyo da lanƙwasa-lanƙwasarsa, ka cire zafi, don ruwa in matsi ya yi ƙasa sosai tafasa yake ko ba wuta, yana fitar da kumfar tururi a cikin inji, ruwa mai ɗumin digiri 30 kaɗai na cin kusan rabin mita. Abin da ke saura mita 7 ne zuwa 8, kuma tun kafin a kai nan ruwan da yake bayarwa ya ragu sosai yana ta shan mai a banza. Ka ƙara da cewa da an tada inji ruwan cikin rijiyar ƙara sauka yake, wanda ka auna mita 6 da safe yana iya zama 7 da wani abu bayan awa ɗaya ana ja.

Awon da ke da muhimmanci kuma ba tsawon tiyo ba ne ko zurfin da aka haƙa, tsayin da ke tsakanin fuskar ruwan da bakin injin ne a miƙe. Shi yasa manoman da ke haƙa rami kusa da tubwel su saukar da injin ciki suke samun ruwa, duk mita ɗaya da ka sauke inji mita ɗaya ka rage wa iska aiki, kuma wannan ya fi sayen babban inji sauƙi nesa ba kusa ba, don babban inji zai fi kawo ruwa da yawa in ruwan na kusa, amma iyakar nan ta zurfi ɗaya ce gare shi da ƙaramin. Kafin ma a kai ga haƙa rami a duba mahaɗar tiyo da inji, 'yar ƙofa da bata kai ta allura ba ta isa ta ɓata komai, kofin robar nan ne da aka ɗaga yatsa, shi yasa ake naɗe wurin da robar tayar mashin tamau. Zuba wa inji ruwa kafin a tada shi ma dalilin kenan, fankar cikinsa an yi ta ne don ta wurga ruwa, in iska ce a ciki juyawa kawai zata yi bata iya rage matsin yadda ya kamata ba.

Tura ruwa kuwa ba shi da wannan iyakar, ƙarfin inji da ƙwarin bututu ne kawai ke yanke hukunci. Shi yasa famfon sumo da ake zurawa can cikin rijiyar burtsatse ke kawo ruwa daga mita 50 ko 100 har ya hau tanki, yana cikin ruwan ne yana turowa daga ƙasa. Famfon tuƙa-tuƙa na unguwa ma haka, abin da ke ɗaga ruwan yana can ƙasa a nutse, sandar ƙarfe ce ta haɗa shi da hannun da kake tuƙawa. In ruwan gonarka ya wuce mita 8 a watan Afrilu kuma ramin ya kai inda ba a iya ƙarawa, to maganar injin sama ta ƙare, sai dai a fara lissafin sumo da sola ko janareta, a kuma tabbatar faɗin bututun rijiyar zai ɗauke shi kafin a biya kuɗi.